Manhajar da ta mutu shiru

Laraba da dare, Onitsha

Yau dai na samu kan abin da ya hana ni sukuni tun Asabar. Manhajar da ke tura wa 'yan albasa saƙo idan motarsu ta iso ce ta mutu a kan sabar ofishinmu, wato babbar kwamfutar da take gudana a kai, babu wata alama. Fitilar injin tana ci, ni kuma ina zaune na ɗauka komai lafiya. Motar Alhaji Sani ta wuni a Head Bridge, bakin gadar shiga gari, cikin ruwan sama, buhunan sama duk suka jiƙe. Bai yi min faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Hauwa, ashe ke ma ba ki sani ba?" Gara ma ya yi faɗan.

Da safe na rubuta wata 'yar manhaja mai gadi. Aikinta ta riƙa leƙa abubuwan da ke gudana a sabar, in ta nemi waccan ta rasa, ta tayar da ita, ta turo min saƙo. Bayan azahar na kashe manhajar aika saƙon da hannuna don gwaji. Ba a jima ba sai ga wayata ta yi ƙara.

Na hau okada zuwa kasuwar Ose Okwodu na nuna wa Alhaji. Ya ce, "Madalla, 'yata. To shi mai gadin in ya mutu, wa zai faɗa miki?"

Da na koma ofis na saita manhajar mai gadin ta riƙa turo min "ina nan" kowace asuba. Ranar da ban gani ba, ba zan tsaya karyawa ba, ofis zan nufa.