Fumfuna a Bayan Gadon Nawwara

Penang, Malesiya

Ƙanwata Furera,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Ina fatan shirin tahowarki karatu ya yi nisa.

Na san kina zaton zafi ne wahalar ƙasar nan. Ni ma haka na zata, ashe danshi ne. Da ruwa ya kankama sai na rufe tagogi ruf, kamar yadda muke yi a gida. Shekaranjiya maƙwabciyata, Mak Cik Salmah, ta jiyo tarin 'yata Nawwara, ta shigo ta ja gadon yarinyar. Bangon ya yi baƙi ƙirin da fumfuna. Sai ta ce:

"Ke Malama, 'ya kike reno a nan ko naman kaza kike shukawa? Buɗe tagar nan!"

Kada ki faɗa wa Inna. Da sauƙi, alhamdulillahi, sai dai numfashin yarinyar har yanzu da ƙyar yake fita. Babanta yana can jihar Johor wurin aiki. Na kasa barinta in shiga aji, makaranta kuma ta fara ƙorafi.

Don Allah ki matso da tafiyarki. Zan nuna miki yadda ake sa gawayi cikin tufafi ya tsotse danshi, ki gwada da hannunki. Ki dai zo, Furera, ni kaɗai ce.

Allah ya kawo ki lafiya.

Yayarki,
Barira