Ranar Da Tarwaɗa Ta Ja Nababa

Birnin Gwari, Litinin

Zuwa ga Yaya Mairama,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam Bilyaminu da yara. Tunda an katse mana layin waya, ga takarda ta hannun Mu'azu direba.

Yaya, albishirinki! Na shiga kwalekwale! Kin san tun da 'yan bindiga suka raba mu da gonarmu ta Kakangi, shekara biyu ke nan ina gararamba a gari. To, wani dattijon masunci a dam ɗin Bagoma, Baba Wakili, ya gan ni ina zaman banza a bakin ruwa, ya ce in zo in taya shi tuƙi.

Tarwaɗa muke kamawa da mamari, wata doguwar igiya mai ƙugiya fiye da ɗari. Ki canki abin da muke maƙala wa ƙugiyar. Sabulu! Wallahi sabulun wanki, a yanka ƙanana. Na yi dariya har na kusa kifar da mu, da muka dawo ɗagawa sai ga tarwaɗa bakwai.

Abokin aikinsa ya koma Yawuri, shi ya sa Baba Wakili ke neman wanda zai tsaya masa dindindin. Ya ce ranar da aka tashi da iska zai gwada ni. Ki taya ni addu'a, raina ya kwanta da aikin nan.

Ƙanenki,
Nababa

Kaduna, Laraba

Nababa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe ka.

Albishir ɗin me? Kai da ko rafin bayan gida ba ka tsallakawa sai ka kama wutsiyar saniya! Wa ya taɓa sana'ar su a zuriyarmu? Ka gaya wa tsohon ba ka iya iyo ba? Na san ba ka gaya masa ba, na san halinka.

Malam ya samo maka gadi a wani shagon siminti a Rigasa, har da ɗakin kwana. An ce za a jira ka zuwa Asabar ta sama, in ba ka zo ba a ba wani. Ka tattaro kayanka ka biyo Mu'azu. Daji ya ci mana Baba, ba zan zauna ina ji ina gani ruwa ya ci min kai ba.

Allah ya shirye ka.

Yayarka,
Mairama

Birnin Gwari, Talata

Yaya Mairama,

Sallama da gaisuwa. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta, amma ki fara sani lafiyata ƙalau.

Jiya da safe aka tashi da iska, irin wadda ke kwashe hula. Ruwa ya yi jajir, yana tasowa yana marin kwalekwale. Baba Wakili ya ce yau manyan tarwaɗa ke fitowa kiwo, mu tafi. Shi yana tuƙi a baya, ni ina gaba ina ɗaga mamari. Kafin mu kai rabi mun zuba goma sha ɗaya, ina ihu, ruwa na shiga min baki.

Can sai igiya ta yi nauyi, ta fizge. Yaya, kin san yadda Babanmu ya koya mana riƙon shanun huɗa, a naɗe igiya sau biyu a wuyan hannu. Ban ma san na naɗe ba. Baba Wakili ya daka tsawa, "Saki! Kai Nababa, saki!" Ina! Ni da na sha bulala tun ina ƙarami a kan sakin igiyar sa? Sai na ƙara damƙewa. Iska ta juya kwalekwale gefe ɗaya, kifi ya ja ɗaya gefen, sai ga ni tsundum a ruwa.

Na yi kalmar shahada. Na tuna takardarki, na ce shi ke nan, Yaya ta faɗa. Ina ta shure-shure, sai ƙafata ta taɓa ƙasa, na miƙe, ashe ruwan iya wuya ne. Na sa ƙafa gaba, tudu. Na ƙara, kwari. Tudu, kwari. Yaya, gona ce! Gonar masarar wani ce da dam ya cinye da damina, huɗarta na nan ba ta baje ba. Shekara biyu rabon da in taka huɗa. Wallahi a cikin ruwan nan hawaye ya zo min.

Daga nan tsoro ya tafi. Na bi kwarin huɗar nan tiryan-tiryan zuwa gaɓa, ina jan abin nan kamar bijimi mai gardama, ya ja in sassauta, ya tsaya in ja, har ina kiransa da sunan sanmu na huɗa, "Haba Ɗan Baƙi, taho mana!" Masunta suka taru a baki suna ta shewa. Da na fito da ita, ashe ƙatuwar tarwaɗa ce, kanta ya kai faifai, tsawonta daga ƙasa har ƙirjina!

Baba Wakili bai yi dariya ba. Ya iso ya warware igiyar, ya ga yadda ta yanke min fata. Ya ce taku goma daga inda na faɗa rami ne, da yanzu gawa ake nema. Ya tambaye ni ko na iya iyo. Na sunkuyar da kai. Ya zage ni tas a gaban mutane, kuma ina da laifi. Sannan ya ce ba zan ƙara taka kwalekwalensa ba sai na iya, kuma shi da kansa zai koya min da gora, kullum bayan azahar. Wurin nawa ne, zai jira ni.

Ga tsakiyar kifin nan an yi banda, Mu'azu zai ba ki. Asabar ta matso. In kin ce in taho, zan taho, ke ce uwa ke ce uba yanzu. Amma Yaya, don Allah.

Ƙanenki,
Nababa

Kaduna, Alhamis

Nababa,

Wa alaikumus salam. Kifi ya iso, yara sun cinye har ƙaya. Ni ban iya ci ba.

Sau uku na karanta takardarka. Na zage ka, na yi dariya, da na zo wurin huɗar nan kuma na rufe fuska da zane. Na gaya wa Malam a ba wani gadin.

Ka zauna. Ka gaida Baba Wakili, ka ce na gode da zagin. Ranar da ka iya iyo ka rubuto min da gaggawa, don sai ranar zan yi barci.

Yayarka,
Mairama