Lemon Tsamin da Baba Ya Kife da Baho

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Labarin lemon tsaminki na kawo miki, wanda kika shuka a tsohuwar tukunya kafin ciwo ya kwantar da ke. Shi kaɗai ne shukar hannunki da ta rage mana a gidanmu na Roni.

Ranar da kika rasu awaki suka far masa. Baba ya tuna kina kife shuka da kwando, sai ya ɗauko baho ya kife shi. Bai lura cewa kwando yana barin haske ya shiga ba. Muka shiga karɓar gaisuwa, kowa ya manta. Bayan mako biyu na ɗaga bahon, na tarar sababbin ganyen sun yi fari fat. Inna, kukan da na yi a gindin tukunyar nan, ko ranar rasuwarki ban yi irinsa ba.

Kin sha cewa ganye yana jin rana kamar yadda kunne yake jin kiran salla, ni kuwa 'yar boko in tuntsire da dariya. To, yau abin da nake koya wa ɗalibaina a Kazaure ke nan. A cikin ganye akwai 'yan ƙwayoyi masu girka wa shuka abinci, kuma suna ɗauke da nasu kundin umarni na gado. A duhu sukan daina karanta shafuka da yawa. Da haske ya taɓa su sai su koma karatu, su haɗa kayan aiki, ganye ya yi kore. Ashe kin riga littafina sani, kika ƙyale ni da surutuna.

Na so in ajiye shi tsakar gida ya ƙoshi da rana, sai na tuna maganarki: “Wanda ya daɗe a duhu, da hantsi ake lallaɓa shi.” Na roƙi Baba ya riƙa fitar da shi da safe, ya mayar da shi inuwa kafin rana ta take. A lokacin Baba ko ƙofar ɗakinsa ba ya son leƙowa.

A kwana na biyar, bayan na koma Kazaure, ya kira ni a waya, ya ce: “Hajara, ya yi kore!”

Yanzu lemon ya kai gwiwata, hankalina kuma ya kwanta. Ya daɗe da daina buƙatar lallaɓa, amma har yau Baba yana shimfiɗa tabarmarsa kusa da shi kowane hantsi, yana faɗa da awaki.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya kai haske kabarinki.

'Yarki mai gardama,
Hajara