Koken Magidancin da Aka Raba da Ƙwansa

Zuwa ga Mai Girma Jami'in Lafiya da ya yi wa matan garinmu lacca a kan mura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya kai da garkuwar jikinka, ranka ya daɗe, ina gabatar da kokena a bainar jama'a, domin a bainar jama'a aka cuce ni.

A farkon sanyin bana ka tara mata a farfajiyar asibiti, ka shaida musu cewa jikin da ya samu abinci mai kyau ya fi jure wa mura, kuma yara da tsofaffi su ne a gaba wajen rabon abincin. Maiɗakina, Hajiya Asabe, tana sahun farko. Baiwar Allah da ba ta taɓa kai saƙona daga zaure zuwa madafa bai zube a hanya ba, ta haddace laccarka kamar karatun allo.

Na farko, batun ƙwai. Kajin nan nawa ne, ni na sayo su a kasuwar Ajingi, ni nake watsa musu tsaba. Tun kaka da kakanni ba a ba yaro ƙwai, don kada ya tashi da ɗauke-ɗauke. Shi ya sa mu magidanta muka ɗauki nauyin cinye shi, sadaukarwa ce domin tarbiyya, kuma ba mu taɓa neman lambar yabo ba. Yau kullum safiya ina zaune da kokona tsura, ina kallon 'ya'yana, Habu da Ummi, suna ɓare dafaffen ƙwai. Da na tunatar da Hajiya haɗarin da ke ciki, sai ta ce in da ƙwai ke sa sata, ai da ni aka fara kamawa a gidan nan.

Na biyu, ƙundu. Duk inda aka yanka kaza, ƙundu na maigida ne. Ko alƙali ya sani. Yanzu shi da hanta kwanon mahaifiyata, Inna, suke tafiya. Gun wa zan kai ƙara? Tana ci tana sa maka albarka, wai ashe haka ƙundu yake, ta tsufa tana dafa shi ba ta taɓa sanin ɗanɗanonsa ba. Sai na fita duba awaki.

Na uku, hoton da ka nuna musu: tuffa, inabi, da wani kifi mai girman kwalekwale. Ban san a wace kasuwa kake cefane ba, ranka ya daɗe, amma Hajiya ta zagaya ta Gaya kaf ba ta ga dangin kifin nan ba. Sai ta yi wa hoton tafsiri da zogale, rama, wake, goba da kunun tsamiya. Bishiyar zogalen gidana ta koma sanda. Tafarnuwa kuwa, har a shayi. A masallaci liman yana ta cewa a haɗe sahu, maƙwabcina Malam Ɗanlami yana ta matsawa gefe.

Ba zan ɓoye gaskiya ba ko da ta kayar da ni. Bara war haka gidana tari ake yi kamar injin niƙa, Ummi ba ta iya barci, Inna ta yi kwance har muka tsorata. Bana an yi atishawa, amma ba wanda ya kwanta. Wannan ya fi komai ƙona min rai, domin ya rusa hujjata tun daga tushe.

Ga babban laifinka. Mata ka tara, alhali cefane a hannunmu yake. Ka zo teburin mai shayi ka ga garkuwar jiki: Alhaji Sale yana naɗe soyayyen ƙwai cikin burodi, ya bi da tsire, gidansa kuma miyar kuka ce lami, yaransa majina har haɓa. Shi ya hana iyalinsa zuwa laccarka, shi ne kuma yau yake kirana Sarkin Koko, majalisa tana dariya.

Saboda haka ba na neman a dawo min da ƙwaina. Hajiya ta rufe wannan shari'a, babu ɗaukaka ƙara. Adalci nake nema. Ka ɗauko lasifikarka ranar kasuwa, ka bar hoton kifin nan a ofis, ka tsaya a gaban mai shayi ka maimaita wa maza abin da ka faɗa wa mata, kalma ba ragi. A raba musibar nan daidai, kowane magidanci daga Gaya har Kademi ya rasa ƙwansa kamar yadda na rasa nawa. Ka fara da Alhaji Sale. A bakin kaskon suya yake zama.

Allah ya tsare ka daga mura, ya ƙara maka girma, ya kuma ba iyalinka ikon halartar laccarka ta gaba.

Wassalam.

Naka cikin haƙuri da tafarnuwa,
Malam Bala Mai Kaji