A Fito da Hoton Kaina, a Wanke Saratu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni Albarka ɗan Dodo, na Tabla a ƙasar Kurfai, nake rubuta wannan da hannuna na dama, tunda na hagu ya riga ni tafiya. Da hankalina nake, na san yau Talata, na san iyakar kowace gonata. Kada wani ya ce cutar kai ce ke magana. Ni ne, kuma raina a ɓace yake.

Ƴaƴana, Kailu da Umar da Mariama, ku saurara.

Na ɗaya. Kailu, yau na kama sunanka, kunyar ɗan fari ta ƙare. Ka fito da hotunan kaina da ka cusa ƙarƙashin damman gero cikin rumbu. Ka zaci ban sani ba? Ba don tausayina ka ɓoye su ba, sai don asirinka da za su tona.

Bari in tuna muku, kai da Umar, tunda kun iya mantuwa. Bara da kaka na faɗi a masussuka ina karkarwa. Ba ku kai ni asibiti ba. Kuka kawo mai turare ya turnuƙe ni da hayaƙi, ana ta tambayata wa ya kama ni. Aka ce bakina ya ambaci Saratu, matar ƙanena marigayi Nuhu. Ni ban san na faɗa ba. Wanda ke cikin magagi ko sunan jakinsa yana iya kira. Kuka jawo ta tsakar gidana, gari na kallo, kuka sa ta tsallake ni sau uku, yadda ake yi wa mayya don ta saki kurwa. Matar da ta yi jinyar uwarku har ta rufe mata ido! Ta kwashe marayunta ta koma Bonkuku wurin yayanta, can ma mata na janye yaransu idan ta gifta.

Sai da Mariama ta zo daga Yamai ta ɗauke ni da faɗa zuwa asibiti. Aka yi mini hoton kai na sikana, sannan aka tura ni cikin wani bututu da suke ce wa IRM, mai ƙara kamar injin niƙa. Likita ya ɗaga hoton ya nuna mini da bakin alƙalami: ƙari ne a gefen dama na ƙwaƙwalwa, girman ƙwan zabo. Ciwon daji. Shi ke kayar da ni, shi ya kashe hannun. Bayan wata huɗu aka sake ɗauka aka gwada da na farko, ya ƙaru, ya shiga inda wuƙa ba ta kaiwa. Na karɓi ƙaddarata. Abin da ban karɓa ba shi ne in shiga kabari da alhakin baiwar Allah.

Na biyu. Ranar Juma'a, da an sallame, ku miƙa wa liman hotunan nan biyu, a ɗaga su a rana kowa ya ƙoshi da kallo. Umar, kai da ka yi lakwal, karatun boko, kuma ka yi gum ranar da ake jan Saratu, ka karanta takardar likita ka juya ta da Hausa, da ƙarfi. A bainar jama'a kuka ɓata ta, a bainar jama'a za ku wanke ta.

Na uku. Kailu da Umar, ku tafi Bonkuku ku biyu, ban ce ku buga waya ba. Ku tuɓe takalma, ku durƙusa, ku dawo da ita ɗakin mijinta. Lambuna na fadama na bar mata, bai kai sulusi ba, kada in ji ƙorafi. Sauran dukiya a raba yadda Allah Ya ce.

Ni ma ba a wanke nake ba. Da na farfaɗo na ji abin da aka yi, wata biyu na yi shiru, don ni ma zuciyata ta raya mini ko ita ce. Wannan shirun ya fi ƙarin nan cina. Ku roƙa mini gafararta idan ban kai ba.

Na huɗu. Mariama, ke ce da gaskiya, amma ya isa. Ki daina ce wa yayanki Kailu jahili a gaban ƴaƴansa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Na biyar, kuma ban yafe wa wanda ya tsallake shi ba. Gumbar sadakar ukuna, Saratu ce za ta daka, in ta yarda. Ta ɗebo da hannunta, Kailu ya fara ci a gaban masu ta'aziyya, sannan a raba.

Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare ku daga irin ciwona da irin kuskurenmu. Ku riƙe juna, kada ku bari gidan Dodo ya watse. Kuma idan kuna ƙirga mutanen gidan, ku fara da Saratu.