Sun Buga wa Itatuwanmu Lamba

Assalamu alaikum Yaya Habu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman Legas? Ya Yaya Rabi da yara? Mu nan alhamdu lillahi, ƙafar Inna ta yi sauƙi, gero ma ya shiga rumbu.

Makon jiya wasu mutane suka zo daga birni, suka zagaya gonarmu ta gado suna ƙirga itatuwa. Gawo, ɗorawa, har kukar bakin iyaka, duk sun buga musu lamba. Na tambayi babbansu dalili, ya ce, "Malam Sani, masana'antun ƙasashen waje sun ɓata iskar duniya da hayaƙi, itatuwanku ne ke tace ta. Za a riƙa biyanku, ku dai sa hannu."

Na ce, "To su da suka yi hayaƙin, me ya hana su kashe wutarsu?" Dariya kawai ya yi, ya miƙo min takarda da Turanci.

Ban sa hannu ba. Maƙwabcinmu Malam Idi ya sa. Shekaranjiya ya hau gawonsa zai saro wa awaki ganye, wakilinsu ya ce ya sauko, yarjejeniya ta hana. Gawon da ya gada daga kakansa!

Yanzu lambar wayarka suke nema, tunda kai ne babba. Don Allah kada ka amsa musu komai sai ka zo an karanta mana takardar nan a gaban Inna.

Ka sa mu a addu'a, Allah ya tsare mana abin da Baba ya bari. Inna tana gaishe ku duka.

Ƙaninka,
Sani