Wayar Babur ɗin Marigayi Tana Zafi

Ustaz Mahrus, a taimaka mini. Fatahiyya matar ɗana ce ke rubuta wannan, ni makarantata ba ta kai nan ba. Na ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta yi masa ado, kuma ta daina jiƙa takardar da hawaye.

Mijina Abduttawwab ya rasu bayan ƙaramar salla. Madara yake karɓa a ƙauyuka ya kai gari a babur, garwa biyu dama, biyu hagu. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma bai iya gyaran wayar wuta ba, kuma ya mutu bai yarda da haka ba. Duk abin da ke jikin babur ɗin nan shi ya ɗaura da hannunsa: fitilu shuɗɗa, hon mai kukan jirgi, da lasifika da yake sa karatun Alƙur'ani da safe. Mata ba sa duba agogo, in sun ji karatu sai su fito da kwano. Ka ɗaga sirdin ka ga waya kamar taliya, ko'ina salatif.

Yanzu ɗanmu Ashur ke hawa. Shi kaɗai ya rage mini, biyu sun tafi tun suna goye. Ya ƙara cajar wayar hannu a kan kayan uban. Tun daga nan ɗan abin nan da suke kira fiyus yake ta ƙonewa. Ya sa wani, ya ƙone. Sai ya yi abin da ya ga ubansa na yi: ya yago takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin taba, ya naɗe matacce da ita, ya mayar. Fitila ta kawo, karatu ya tashi, yaro yana murna.

Ranar Juma'a ya dawo ina tsakar gida ina gasa burodi, na ji warin roba. Na zaci murhuna ne. Ashe babur ɗin ne, hayaƙi na fita ta ƙasan sirdi, dab da tankin mai, wandonsa ya babbake wajen cinya bai ma sani ba. Na kai hannu kan wayar, har yanzu yatsana a tashe yake.

Na ce ya kai wa Usta Girgis mai gyaran wayar babur a bakin gada. Ya ce Girgis zai fizge komai ya zubar, shi kuwa babu mai yanke wayar da babansa ya ɗaura. Na ce masa, "Ubanka yana kabari, kuma ba iya waya ce ta kai shi shekarunsa ba, sa'a ce." Ya dube ni kamar na mare shi. Ya shiga wanka, na zare makullin na rataya a wuyana. Wanda ya isa ya zo ya cire.

Tun ranar bai gaishe ni ba. Abinci a ɗaki yake ci. Wani mai keken kaya ya fara zagaya matan da muke karɓar madararsu, biyu sun koma masa. Fatahiyya ga ciki ya tsufa. Ban san me za mu ci ba in sauran suka bi.

Ni ba mai kuka ba ce. Sai dai duk safiyar da na ji karatun nan ya karyo kwana, kofi biyu nake ɗaukowa kafin na tuna. Wannan ban gaya wa kowa ba, ga shi Fatahiyya ta ji.

Ka gaya mini, takardar tabar ce matsala ko ni ce? Kuma a rubuta wannan: Ashur yana bina makulli, ban musa ba. Ni ina binsa gaisuwar safe. Abin da ke cikin Fatahiyya yana binsa uba.

Uwar mai madara, daga wani ƙauyen Fayyum

*

Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya ba ku haƙuri.

Takardar tabar ce. Kin yi daidai da kika riƙe makulli, kada babur ɗin ya tashi a haka ko zuwa bakin titi ne. An yi fiyus ne don ya ƙone kafin waya ta ƙone. In yana yawan mutuwa, ko kaya sun yi wa wayar yawa, ko wata ta goge tana taɓa ƙarfen babur. Da aka naɗe shi da takarda mai ƙyalli, an hana shi aikinsa, zafin ya koma kan wayar da ke kusa da fetur. Sa babban fiyus ma haka ne.

Yau a cire wayar batir, a fara da baƙar. A tura babur ɗin, kada a hau. Usta Girgis ya duba wuyan babur inda waya ke lanƙwasa in an juya kai, da ƙasan sirdi da tanki, da duk mahaɗar da ta yi baƙi ko ta narke. Wayar da ta taɓa yin zafi haka a canza ta, salatif ba ya warkar da ita. A cire duk ƙarin kaya, a sa fiyus mai lambar da aka rubuta a murfin, sannan a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya nuna kansa. Aikin yini ne, kuma bai kai asarar madarar mako ba.

Amma Hajiya, maganar kabari ta yi nauyi. Ashur ba wauta ke damunsa ba. Wayar nan ce wurin da hannun ubansa ya rage, kuma ke ma abin da ke sa ki ɗauko kofi biyu ke nan. Ki gaya masa zancen kofin da bakinki, ke za ki fara, kada ki jira gaisuwa. Ku sharɗanta wa Girgis cewa Ashur ne zai kwance tsohuwar wayar da hannunsa, ya kawo ta gida a ajiye. Fitilu shuɗɗa su huta. Lasifikar kuwa ta koma inda take, da sabuwar waya da nata fiyus.

Ki miƙa wa Ashur makullin a gaban shagon Girgis, ba kafin nan ba. Allah ya sauki Fatahiyya lafiya. Randa karatun ya sake karyo kwana, ki ɗauko kofi biyun, akwai mai shan na biyu.

Mahrus